Ta Faɗi, Ko Faɗaɗɗiya Ce?

Ni ƴar Kara-Kara ce. Na fara da wannan ne domin shekara biyu na yi a jami'a ban taɓa faɗinsa da bakina ba. In an tambaye ni unguwarmu, sai in ce "can bakin gari", in yi maza in canza zance. Ranar da wata abokiyar karatuna ta gano, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai! Wallahi ba ki yi kama da su ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa, a ganinta yabona take yi. Ni kuma na yi murmushi, har da cewa na gode. Sai da dare ya yi na kwanta maganar ta dawo mini. Su wa ke nan ban yi kama da su ba? Innata? Ƙannena? Kakana da ya goye ni?

Tambayar da nake so mu duba tare, ƴan'uwana ɗalibai, ita ce wannan: in mutum ya faɗi, ko ya yi kuskure, ko ma ya aikata laifi na gaske, shin wani abu ne ya faru da shi, ko kuwa asirinsa ne ya tonu aka ga abin da yake tun asali? Kuma me ya sa amsar take canzawa gwargwadon unguwar da mutum ya fito? Ban sami hanyar tunani a kan wannan tambaya ba sai da na ci karo da labarin wata mata ƴar ƙasar Barazil, mai wasan judo, sunanta Rafaela Silva. A wayar wata ƙawata na fara ganinta, lokacin wasannin Olamfik na Paris a 2024. Daga nan na shiga bin tarihinta, na tarar ashe unguwarsu ƙanwar unguwarmu ce.

Unguwa biyu

An haifi Rafaela a 1992 a birnin Riyo, ta tashi a wata unguwa da ake kira Cidade de Deus, wato Birnin Allah. Hukuma ce ta gina unguwar a shekarun 1960, can nesa da tsakiyar birni, ta kwaso talakawa daga unguwannin da aka rusa ta zuba a ciki. Daga baya unguwar ta yi suna da ƙwaya da bindiga. A 2002 aka yi wani fim da sunanta wanda ya zagaya duniya, har ya kai mutumin da bai taɓa taka Barazil ba, in ya ji sunan unguwar, abin da ke faɗo masa a rai yaro ne riƙe da bindiga.

Duk ɗan Damagaram da ya ji wannan ya san inda na dosa. Kara-Kara ma ba mutane ne suka zaɓe ta don daɗi ba. An ware ta ne a bakin gari, cikin duwatsu, aka tura kutare da sauran waɗanda gari ba ya son gani. Ƴaƴansu da jikokinsu suka tashi a nan, da yawa ba lakkol, wasu ko takardar haihuwa babu. Sana'a ita ce fasa dutse, da kabu-kabu, da sayar da man fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya. A cikin wannan hali ƙungiyoyin samarin nan da ake kira pale suka yi ƙarfi, masu ɗaga ƙarfe da faɗan daba. Mu ma muna da fim ɗinmu: a 2021 Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da fim mai suna Zinder. Ita dai ta yi ƙoƙari, ta bar mutane sun yi magana da bakinsu, ta nuna fuskokinsu. Amma na zauna da waɗanda suka kalli fim ɗin suka tashi ba abin da suka riƙe sai wuƙa da tabon sara.

Rafaela tun tana ƙarama mafaɗaciya ce, kullum tana titi tana dambe da yara maza. Iyayenta suka kai ta judo, ita da yayarta Raquel, don a raba ta da titi. Wani malamin judo, Geraldo Bernardes, ya ɗauke su ya horar. Daga baya shi da Flávio Canto, wanda ya ci tagulla a Olamfik na 2004, suka riƙe wata cibiya mai suna Instituto Reação, mai koya wa yaran unguwannin talakawa judo. A nan ta girma. A 2008 ta zama zakarar duniya ta matasa. A 2011 ta zo ta biyu a gasar duniya ta manya, a ajin masu nauyin kilo 57.

Abin da ake fara koya

Ga wanda bai san judo ba, kokowa ce ta Japan. Wani malami, Jigoro Kano, ya kafa ta a Tokiyo a 1882. (Kano sunansa ne kawai, ba Kanon Dabo ba.) Kalmar gaɓa biyu ce: "ju" sassauci ko laushi, "do" hanya. Ana sa riga mai kauri da ɗamara, a kama rigar juna. Wanda ya maka abokin karawarsa da baya a ƙasa da ƙarfi ya ci nan take, shi ake kira ippon. Ana kuma ci ta hanyar danne mutum, ko shaƙe shi, ko murɗe masa hannu har ya sallama. Maza sun fara yin ta a Olamfik a 1964, mata kuwa sai a 1992 aka fara ba su lambobi sosai, shekarar da aka haifi Rafaela.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne darasin farko. Yaro in ya shiga judo, ba kayar da mutum ake fara koya masa ba. Faɗuwa ake koya masa. Suna kiranta ukemi: yadda za ka sunkuyar da haɓa kada ƙeya ta bugu, yadda za ka daki shimfiɗa da hannu don ƙarfin faɗuwar ya watse, yadda za ka mirgina ka miƙe. Sai ya yi ta faɗuwa, sau ɗari, sau dubu, kafin a yarda ya kayar da wani. Malamin ya san ba makawa za a kayar da yaron nan, don haka aikinsa shi ne kada faɗuwar ta karya shi.

Mu a nan mun san kokowa fiye da kowa. In lokacin takobi ya zo, ko filin Langa-Langa ake yi ko a wata jiha, gari kan tsaya cik, kowa na jikin rediyo ko tele. Ina son kokowa, kuma ba ina cewa ƴan kokowarmu ba su iya faɗuwa ba ne. Mu ƴan kallo ne ba mu iya kallon faɗuwa ba. Wanda ya kayar shi ake ɗagawa sama, shi makaɗa ke bi. Wanda ya sha ƙasa kuwa, ya kakkaɓe jikinsa ya fita ta gefe, yara na yi masa ihu. Kuma haka muke yi a wajen fili ma.

Landan, 2012

Rafaela ta je Olamfik na Landan tana da shekara 20, ƙasarta ta sa rai da ita. A karawarta ta biyu, da Hedvig Karakas ta ƙasar Hangari, ta kai hannu ta kama ƙafar abokiyar karawarta. A da wannan kamu halas ne a judo, amma daga 2010 dokar ta canza, aka hana kai hari kai tsaye da kama ƙafa. Alƙalai suka duba hoton, suka kore ta daga gasar. Ta zube a kan shimfiɗa tana kuka.

Kuskure ne, ba shakka. Ta karya doka, hukuncin kuma daidai ne. Amma da ta buɗe intanet, ba abin da ƴan ƙasarta suka rubuta mata ke nan ba. Rafaela baƙar fata ce. Sai wasu suka ce mata biranya, suka ce keji ya dace da ita, ba Olamfik ba, suka ce ta kunyata iyayenta. Ta yi watanni cikin baƙin ciki, har ta yi niyyar barin judo gaba ɗaya.

Ku lura da abin da ya faru a nan. Alƙali ya ce: ta kama ƙafa. Masu zagi suka ce: biranya ce. Jimla biyu ne, kuma a matsayina na ɗalibar kimiyyar harshe, bambancin da ke tsakaninsu ya hana ni barci.

Dirka

A darasin nahawu an koya mana cewa jimlar Hausa tana iya zuwa da aikatau, tana iya zuwa babu shi. In na ce "yaron ya yi sata", akwai lokaci a cikin jimlar. Wannan "ya" ta nuna abin ya faru ya wuce. Ina iya juya ta yadda nake so: yana sata, zai yi sata, yakan yi sata, ya daina sata. Aikatau yana tafiya da lokaci, lokaci kuwa yana wucewa.

Amma in na ce "yaron ɓarawo ne", babu aikatau, babu lokaci. Suna ne kawai da wannan ƴar ƙaramar kalma "ne" ko "ce", wadda masana nahawun Hausa suke kira dirka. Dirka kuwa kun san ta a gida: itacen nan mai baki biyu da ake tokare rumfa da shi don kada ta motsa. Wanda ya zaɓi sunan nan ya iya zaɓe. "Ne" ba ta da jiya, ba ta da gobe. In kana so ka nuna abin ya wuce, sai ka ɗauko wata kalma daga waje ka ƙara, ka ce "a da ɓarawo ne". Ku saurari hirar mutane a fada ko a kasuwa, ku ƙirga sau nawa ake tunawa da wannan "a da".

Harshenmu yana da hanyoyi da yawa na mai da aiki ya zama mutum. Ya yi ƙarya, maƙaryaci. Ya sha, mashayi. Ta lalace, lalatacciya. Ta faɗi, faɗaɗɗiya. Ba laifin Hausa ba ne, kowane harshe yana da irin wannan. Laifin yana wurin rabon da muke yi. Ɗan babban gida in ya yi faɗa ya fasa wa wani kai, sai a ce "ya yi kuskure, ƙuruciya ce, sharrin abokai ne". An ba shi aikatau. Ɗan Kara-Kara in ya yi irin wannan faɗa, sai a ce "ai ɗan Kara-Kara ne". An ba shi dirka. Har da karin magana muke kafa ta: hali zanen dutse, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Laifi ɗaya, nahawu biyu.

Kakana ya yi kuturta. Ya sha magani ya warke tun kafin a haife ni, sai dai yatsun da suka tafi ba su dawo ba. Yau an san cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gadonta ake yi ba, kuma maganin wata 6 zuwa 12 yana kashe ta. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Wato ciwon yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Amma har Allah ya karɓi ransa ban taɓa jin wani a cikin gari ya ce "ya yi kuturta" ba. Kuturu ne. Mu kuma jikokin kuturu ne. Magani ya kashe cutar cikin watanni, sunan kuwa ga shi ya kai jika.

Riyo, 2016

Rafaela ba ta bar judo ba. Ta koma horo, ta nemi taimakon masu kula da lafiyar tunani. A 2013, a garinsu Riyo, ta ci gasar duniya, mace ta farko daga Barazil da ta taɓa yin haka a judo. Ranar 8 ga Agusta 2016, a wani zaure da ke kilomita kaɗan daga unguwar da ta tashi, ta doke Sumiya Dorjsuren ta Mongoliya, wadda ke kan gaba a duniya a lokacin, ta ci zinariyar Olamfik. Ita ce zinariya ta farko da Barazil ta samu a wasannin da take karɓar baƙunci. Da ƴan jarida suka tare ta, ba ta manta da maganar keji ba, ta tuna wa duniya.

Yawancin masu ba da labarinta a nan suke tsayawa, don nan ne ya fi daɗi. Ni kuwa nan ne na fara jin wani abu ya tsaya mini a wuya. Ƙasar da aka zage ta a 2012 ita ce ta rungume ta a 2016. To me ya canza? Fatarta ba ta canza ba, unguwarsu ba ta canza ba. Zinariya ce ta shiga tsakani. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, amma sai in ya yi abin kirki. To da Dorjsuren ce ta kayar da ita a ranar fa? Da masu zagin sun yi gaskiya ke nan?

Wannan shi ne tarkon da ke cikin irin wannan labari. In muka ce zinariya ce ta wanke ta, mun yarda ke nan cewa da datti a jikinta tun farko, kuma dubban ƴan matan unguwarsu da ba su ci komai ba suna nan da dattinsu. Mutuncin da sai ka zama zakaran duniya za a ba ka, ba mutunci ba ne, lada ne. Abin da abokiyar karatuna ta yi mini ke nan ba tare da ta sani ba. Ta ciro ni daga cikin "su" saboda makina yana da kyau, ta bar dirkar a tsaye a kan sauran. Ni kuma na ce na gode. Na sayar da Innata da ƙannena a kan yabo na minti ɗaya.

Lima, 2019

Yanzu ga inda labarin ya yi nauyi, kuma ba zan ɓoye shi don in gyara hujjata ba. A watan Agusta 2019, a wasannin ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Lima ta ƙasar Peru, Rafaela ta ci zinariya. Da aka gwada fitsarinta sai aka sami fenoterol, wani maganin ciwon asma da aka haramta wa ƴan wasa. Ta ce ba ta sha ba, ta ce mai yiwuwa ta same shi ne daga jaririyar wata ƙawarta da ke shan maganin, wadda takan yi wasa da ita. Hukumar judo ta duniya ba ta gamsu ba. Aka karɓe zinariyar, aka dakatar da ita shekara biyu. Ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, a ƙarshen 2020 kotun ta tabbatar da hukuncin. Aka yi Olamfik na Tokiyo ba da ita ba, tana mai riƙe da kambun.

Dokar wasanni a nan ba ta da sassauci: duk abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhakinsa. Kuma ina ganin dokar tana da hujja, domin akwai sauran mata da suka yi shekaru suna horo, su ma suna da haƙƙin a kara da su da gaskiya. Ba na cikin masu cewa don mutum ya fito daga wahala sai a ɗauke masa hukunci. Wannan ma wani nau'in raini ne, kamar ana cewa ba shi da hankalin da za a tuhume shi.

Abin da ya burge ni shi ne siffar hukuncin. Shekara biyu. Yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. An ce ta yi kaza, sakamakonsa kaza, zuwa rana kaza. Da ranar ta cika, aka buɗe mata ƙofa, ta ɗaura ɗamararta, ta sunkuya ta gaida abokiyar karawa kamar kowa. A watan Oktoba 2022, a Tashkent ta Uzbekistan, ta sake zama zakarar duniya tana da shekara 30. Hukunci mai wa'adi aikatau ne. Tambarin da muke buga wa mutane a gari kuwa dirka ce, ba ranar da aka rubuta za a cire ta.

Ƙanena

Ina da ƙane. Yana da shekara 17 ya shiga faɗa tsakanin samarin unguwa da na wata unguwa, ya ji wa wani yaro ciwo a fuska. Ba sharri aka yi masa ba, ya aikata. Yaron nan yana nan da tabonsa, kuma uwarsa ta yi kukan da Innata za ta yi da a ce nata ɗan ne. Ƙanena ya yi watanni a gidan kaso ya fito. Tun daga nan shekara uku ke nan ko cacar baki ban ji ya yi da kowa ba. Ya sami wani wurin walda a cikin gari yana koyon aiki. Wata rana wani ƙarfen aiki ya ɓace. Yara biyar ne a wurin, amma ba a tambayi kowa ba sai shi. Maigidan ya ce ya tafi gida tukuna. Bayan kwana biyu aka ga abin a inda wani ya ajiye ya manta. Ba wanda ya aiko a kira shi.

Wannan ya yi mini ciwo, amma akwai wanda ya fi shi. Watanni kafin haka, na nemi wasu kuɗi da na ajiye a cikin littafi ban gani ba. Ban yi wata-wata ba na same shi a zaure na ce, "Kai dai ba za ka taɓa shiryuwa ba, ɗan iska ne kai." Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Yaya, har da ke?" Da yamma na ga kuɗin a cikin wani littafin. Ni mai karatun nahawu, ni mai jin haushin abin da gari ke yi mana, ni ce na kafa masa dirka a cikin gidan ubansa.

Mai musu yana da magana

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini a aji. Zai ce: "Malama, suna ba ya faɗowa daga sama. Mutanen Damagaram ba su manta da shekarun da pale suka hana su barci ba. Ba su manta da Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a garin nan. Wanda aka taɓa tare shi da adda, kina so ya yi kamar bai sani ba? Ɗan kabu-kabu da ya ƙi shiga wata unguwa da dare, ransa yake karewa."

Maganar tana da nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Tsoro ba ƙarya ba ne, kuma mu mazauna unguwar mun fi kowa shan wahalar masu adda, don a ƙofar gidajenmu suke. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba a ce masa mahaukaci.

Amma akwai bambanci tsakanin taka-tsantsan da yanke hukunci. Taka-tsantsan yana duba hali da lokaci: wannan lungu, a wannan sa'a, akwai haɗari. Yana iya canzawa in hali ya canza. Yanke hukunci kuwa ba ya sake dubawa. Shi ne ke sa a ga takardar neman aiki a ajiye ta gefe saboda sunan unguwa, ko a fasa aure saboda kakan yarinya, ko a kori yaro kafin a bincika. Sannan ku duba abin da yake haifarwa. Yaron da ya san ko ya yi shekara goma bai taɓa kowa ba sunansa ɗan daba, wace riba yake gani a cikin shiryuwa? Wuri ɗaya ne ya rage inda ake karɓarsa ba tambaya, shi ne wurin abokan da ya baro. Da bakinmu muke kora shi can, in ya koma kuma mu ce, "Ba mun faɗa ba?" Addinin da muke bi ya bar ƙofar tuba a buɗe muddin mutum yana numfashi. Abin mamaki ne a ce bayi sun fi Mai bayi tsanani.

Kuma in abin ya zo kan mace, dirkar ta fi nitsewa cikin ƙasa. Namiji yakan samu a ce "ya yi ƙuruciyarsa, yanzu ya natsu". Yarinya kuwa kuskure ɗaya, ko ma jita-jitar kuskure, ya isa. Daga "ta yi" zuwa "ita ce" ba ya ɗaukar yini guda, kuma har ƴaƴanta sai an gaya musu. Shi ya sa ganin mace a kan shimfiɗar judo, an maka ta da ƙasa a gaban duniya, ta miƙe ta gyara ɗamara ta ci gaba, yake taɓa ni fiye da yadda zan iya bayyanawa. Mu ba a koya mana faɗuwa ba. An dai ce mana kada mu kuskura mu faɗi.

Paris, 2024

Karawar da na fara gani a wayar ƙawata ita ce ta neman tagulla, tsakanin Rafaela da Haruka Funakubo ta Japan, wadda ta doke a Tashkent. Aka yi ta fafatawa har lokaci ya ƙare aka shiga ƙari. Can sai alƙalai suka ga Rafaela ta dogara da kanta a kan shimfiɗa, abin da doka ta hana saboda haɗarin karyewar wuya. Aka kore ta. Shekara 12 bayan Landan, an sake korar ta daga karawa a Olamfik saboda karya doka. Mai neman dirka ya samu: ga shi nan, halinta ne.

Bayan kwana biyar aka yi gasar ƙungiya, maza da mata a haɗe. Barazil da Italiya suka yi kunnen doki a neman tagulla, aka yi ƙuri'a don a fitar da ajin da zai raba gardama. Ƙuri'a ta faɗa kan kilo 57 na mata. Rafaela ta shiga, cikin daƙiƙu kaɗan ta kayar da Veronica Toniolo, ƙasarta ta sami lambar. Ba na kawo wannan don in ce ta sake wanke kanta ba. Da ta faɗi a ranar ma, matar dai ita ce. Na kawo shi ne don ku ga jerin: ta ci, ta faɗi, an kore ta, ta ci, an dakatar da ita, ta dawo, an kore ta, ta ci. Duka aikatau ne. Ba ɗaya daga ciki da ya isa ya zama sunanta.

Ba ni da ikon canza yadda Damagaram take kallon Kara-Kara, ku ma ba ku da shi a yau. Amma harshe a bakinmu yake, kuma mu ne za mu zama malamai da alƙalai da ƴan jarida da iyayen gobe. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In za ka ba da labarin laifin wani, ka faɗi abin da ya yi, da ranar da ya yi shi, da abin da ya biya. In ya wuce, ka sa masa "a da". Kuma ka duba ko nahawun da kake yi wa ɗan unguwarku shi kake yi wa ɗan unguwarmu.

Na ba ƙanena haƙuri, ya ce ba komai, amma na san akwai komai. Yanzu yana wani wurin waldar, maigidansa ya san tarihinsa tun ranar farko, don shi da kansa ya faɗa masa. Ni kuma wannan shekara, da sabon malami ya ce kowa ya gabatar da kansa, na miƙe na faɗi sunana, na ce daga Kara-Kara nake. Aji ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai malamin ya ce, "Madalla, na gaba."